Matakan Horar da Ɗan Kwikwiyo Mai Cizo da Rawar Kai a Magama

Wanda ya saba da karnukanmu na gida, ranar da ya kawo ɗan Labrador ko ɗan Golden Retriever gidansa a Magama ta Jibiya, sati ba ya cika sai ya fara tunanin ko mahaukaci aka sayar masa. Karen gida yana da kamun kai irin nasa, ya ci abin da aka zuba masa, ya nemi inuwa ya kwanta. Dogon karen nan na Buzaye da ake gani a hannun makiyaya idan an yi arewa da Maraɗi ma bai cika damuwa da mutane ba. Wannan kuwa tun asuba bakinsa yana kan wani abu: silifa, gefen tabarma, butar alwala, bakin zanen uwargida tana shara, yatsun ƙaramin yaro. Ka ture shi ya dawo da murna, ka daka masa tsawa ya ɗauka wasa ne ya yi daɗi.

Lafiyarsa ƙalau, aikin kakanninsa ne yake motsa shi. Asalin Labrador karnukan masunta ne a tsibirin Newfoundland na ƙasar Kanada, masu faɗawa ruwan sanyi su jawo igiya ko kifin da ya kuɓuce. A ƙarni na 19 aka kai su Ingila, masu harbin tsuntsaye suka dinga zaɓen waɗanda suka fi son ɗauko abu suna haɗa su, har ƙungiyar masu karnuka ta ƙasar ta amince da irin a 1903. Golden Retriever kuwa a Sikotilan aka samar da shi, a gandun wani basarake, Lord Tweedmouth, inda aka haifi 'ya'yan farko a 1868. Abin da ake nema a wurinsu duka ɗaya ne: maharbi ya harbo agwagwa ta faɗa tafki, kare ya bi ta, ya ɗauko ta a baki ba tare da ya huda fatarta ba, ya miƙa wa maigidansa a hannu. Shekara fiye da ɗari ana tace kare mai son riƙe abu a baki, mai iya yini yana aiki bai gaji ba. Shi ne ka kawo tsakar gida kake so ya zauna shiru.

Don haka matakan nan manufarsu guda ce, a ba bakin nan aikin yi, a kuma koya masa cewa fatar mutum ba ta cikin aikin. Malaman fiƙihu, da suke bayanin karen farautar da ya halatta a ci abin da ya kamo, sun siffanta horarre da cewa shi ne wanda in an sake shi ya tafi, in an tsawata masa ya tsaya. Wannan ma'auni ya ishe mu. Mai ɗan kwikwiyon gida da ya yi ƙiriniya da yawa shi ma zai iya bin hanyar, don ba jinin Turai kaɗai take yi wa aiki ba.

Mataki na farko: kada ka karɓe shi kafin ya cika sati 8

Masu sayarwa kan so su rabu da 'yan kwikwiyo tun suna sati 5 ko 6, saboda ciyar da su akwai tsada. Kada ka yarda. A makonnin nan ne kwikwiyo ke ɗaukar darasin farko na cizo, kuma 'yan'uwansa ne malamansa. Ya ciji kunnen ɗan'uwa da ƙarfi, wancan ya yi ƙara ya bar wasan, ya ciji uwar ta yi masa gurnani ta tashi ta bar shi. A haka yake gane cewa baki mai zafi yana kashe wasa. Wanda aka raba da uwarsa da wuri, kai ne za ka biya bashin darasin da yatsunka.

Nemi a nuna maka uwar. In ka ga tana ɓuya ko tana zabura da mutum ya matso, ko tana jan ƙafar baya da kyar, ka haƙura da 'ya'yanta, don tsoro da ciwon ƙugu duka suna bin jini a irin waɗannan karnuka. Ka kuma zauna da mutanen gida tun kafin ya iso. Abin da kake riƙe da shi a tafi biyu yau zai kai kilo 25 zuwa 36, zai kuma iya yin shekara 10 zuwa 12 a gidan. An san Musulunci ya yarda a ajiye kare don farauta, kiwo ko tsaron gona, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi kare mai rai ba najasa ba ne, amma ana wanke kwanon da ya sha ruwa a ciki sau 7. Ware masa kaskonsa na ci da na sha, a yanke cewa ba ya shiga ɗakuna, a samu wurin rataye darduma da ajiye takalma inda bakinsa ba ya kaiwa. Gidan da maigida ya hana abu yara suka bari, kare ba ya horuwa a cikinsa.

Mataki na biyu: allura kafin komai

A wasu ƙasashe cizon kwikwiyo abin ban haushi ne kawai. A wurinmu maganar rai ce, saboda ciwon haukan kare yana nan bai tafi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe kusan mutum 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta hanyar cizon kare, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, sai dai addu'a. Gari irin Magama, inda karnuka ke yawo tsakanin unguwanni da bola, suna kuma ƙetare iyaka ba mai tambayarsu takarda, ba wurin sakaci ba ne.

A satin da ka kawo shi ka kai shi wurin likitan dabbobi. Za a ba shi maganin tsutsar ciki, a fara masa allurar cututtukan ƙuruciya tun yana sati 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane sati 3 ko 4 har ya kai kimanin sati 16. Mafi muni a cikinsu ita ce mai sa amai da zawon jini, wadda ƙwayarta ke yin watanni a cikin ƙasa, kuma tana iya kashe kwikwiyo cikin 'yan kwanaki. Allurar haukan kare ana yin ta idan ya cika wata 3, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu sarrafa wannan allura a Nijeriya. Sai dai allura tana aiki ne in an ajiye ta a sanyi tun daga inda aka yi ta har zuwa jikin kare. Wadda ta yini a tire a rana cikin kasuwa ta riga ta mutu, kuɗinka kawai za ka zubar. Karɓi kati mai kwanan wata da sa hannu ka adana, zai yi maka rana idan ya karci ɗan maƙwabci, ko za ka ƙetara da shi Ɗan Isa ko Maraɗi.

Duk lokacin da haƙori ya fasa fata, ko na wasa ne, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a je asibiti a faɗi gaskiyar ko karen ya yi allura ko bai yi ba. Kada a tsaya shafa toka ko ɗaure wurin da tsumma. A killace karen a sa masa ido kwana 10. In kuwa ka ga kwikwiyo ya sauya hali farat ɗaya, yana dalalar da miyau, muryarsa ta canja, yana kai cizo ga komai ba da fuskar wasa ba, musamman in wani kare ya taɓa cizonsa, rufe shi ka kira likita, kada kowa ya taɓa shi.

Mataki na uku: wurin kwana da isasshen barci

Kewaye masa wani lungu a tsakar gida, a gindin bedi in akwai, ko ka yi masa rumfar zana. Rufin kwano tsirara a watan Afrilu gasa shi zai yi. A sa ruwa mai sanyi daga randa, a canja safe da yamma. Ɗaure shi da sarƙa dare da rana ba horo ba ne, kare mai zafin rai yake haifarwa.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kwikwiyo yana bukatar barcin kusan awa 18 a rana. A gida mai yara, wannan ya ɗauka wancan ya ja, ba ya samun rabin haka, kuma kwikwiyon da barci bai ishe shi ba shi ne wanda ke haukacewa gab da magariba, yana zagaye tsakar gida a guje yana kama ƙafar kowa. Wannan ba ƙarin wasa yake nema ba. Kai shi wurinsa, ka ba shi abin gwaguya, ka ja ƙyaure. Ba zai daɗe ba ya ɓingire. Ka tsara masa rana haka: kimanin awa guda a waje, awa biyu a kwance. Da ya farka, ko ya gama ci, ka kai shi wuri ɗaya da ka ware don bayan gida, ya yi ka yaba masa, ka kwashe nan take saboda yara da ƙudaje.

Mataki na huɗu: cizon da kansa

A nan aikin yake, kuma a nan haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa.

Kada ka taɓa zuwa wurinsa hannu wofi. Samu igiyar rama mai kauri, tsawon kamar kamu biyu, ka ƙuƙƙulla ta, ta zama tana aljihunka kullum. Ka zauna a tabarma bayan la'asar, ya rugo yana kaɗa wutsiya, bakinsa a buɗe ya nufi wuyan hannunka. Kafin ya iso ka sa igiyar a gabansa, ka ja ta a ƙasa tana motsi. Ya cafke ta, ka ce "Yauwa!", ku ɗan ja tare a hankali, ba da fizga ba. Can sai bakinsa ya zame daga igiya ya sauka a babban yatsanka, ka ji tsinin fiƙar nan mai kaifi. Kada ka fizge hannun, don abin da ya gudu shi kare ke bi. Sake hannun ya mutu, ka ce "A'a" sau ɗaya da murya ƙasa-ƙasa, ka miƙe, ka juya baya ko ka fita ka ja ƙofa. Ƙirga ashirin ko talatin a zuci, ka dawo da igiyar kamar ba abin da ya faru. Ya sake, ka sake. Yamma ɗaya za ka iya tashi sau da yawa har gwiwa ta gaya maka, amma abin da yake shiga kansa a fili yake: igiya tana kawo wasa, fata tana kore shi. In ya maimaita sau uku a jere yana ƙara zafi, gajiya ce, lokacin barci ya yi.

Wasu kan ce ka yi ƙara irin ta ɗan'uwansa idan ya cije ka. Ga kwikwiyo mai sanyi tana aiki, amma mai rawar kai ƙarar zuga shi take yi. Gwada sau ɗaya ko biyu, in ka ga ya ƙara haukacewa ka bar ta.

Yara su ne babbar jarabawa, saboda suna yin duk abin da ke kunna shi: gudu, ihu, ɗaga hannu sama. Yaro ya shigo da kuka yana cewa, "Baba, ya cije ni a ƙafa," ka wanke wurin ka duba, sannan ka tambaye shi, "Gudu ka yi ko?" Kusan kullum amsar e ce. Ka tara su ka koya musu, in ya taho su tsaya cak, su naɗe hannu a ƙirji, su kalli sama, su yi shiru har ya bari. Ku gwada tare kana riƙe da igiyar wuyansa. Yaron da bai kai shekarun fahimta ba kuwa ba a barin sa da kwikwiyo su kaɗai ko na minti ɗaya. Uwargida ma tana da haƙƙi a kanka: tsintsiya da bakin zane suna motsi a daidai idonsa, ba zai iya haƙura ba a watannin farko. A rufe shi kafin a fara shara ko daka, ya fi a yini ana faɗa.

Akwai abubuwan da nake roƙon kada a yi. Kada a buge masa hanci, kada a matse masa baki, kada a danne shi a ƙasa, kada a sa masa dorina. Duka kan tsayar da cizon na ranar, amma abin da yake dasawa shi ne tsoron hannun mutum, kuma karen da ke tsoron hannu shi ne wanda wata rana almajiri zai miƙa hannu a zaure ya yi masa mugun cizo. Masu zuba wa kare barkono a abinci wai don ya yi zafi, cikinsa kawai suke ƙonawa. Kada kuma a bar samari su riƙa cuna shi ga awaki ko yara don nishaɗi, abin da aka koya masa da dariya da kuka za a biya.

Ka san bambancin cizon wasa da na gargaɗi. Na wasa jiki a sake yake, ana tsalle, ana durƙusar da ƙirji a ɗaga gindi. Na gargaɗi jiki ya sandare, ido ya kafe, a yi gurnani ƙasa-ƙasa, yawanci a kan kasko ko ƙashi. In ka ga na biyu kada ka hukunta gurnanin, don shi ne ke sanar da kai kafin cizo. Ka riƙa wucewa ta gefen kaskonsa kana jefa masa ɗan abu mai daɗi, har ya gane zuwan mutum ƙari ne. In abin ya ƙi, nemi likitan dabbobi ya duba shi.

Mataki na biyar: lokacin famfara

Kwikwiyo yana da haƙoran ƙuruciya 28. Daga wata 3 zuwa 4 suke fara zuba, manya 42 su maye gurbinsu, a kammala wajen wata 6 ko 7. A tsakanin nan dasashi yana yi masa ƙaiƙayi da zogi, gwaguya ta ninka. Za ka iya ganin ɗan jini a igiya, ba abin tsoro ba ne. Jiƙa tsumma mai tsabta ka murɗe, ka sa a firji ko ka tsoma a ruwan randa, ka ba shi kana kallo. Karas mai sanyi ma yana yi, haka busasshiyar ganda mai faɗi wadda ba a sa wa maganin jima ba, ka karɓe in ta yi ƙanƙantar da zai iya haɗiyewa. Kada ka ba shi tsohon takalmi, ba zai bambanta shi da sabon da ka saya don salla ba.

Ka zagaya gidan ka kwashe abin da ke toshe hanji: totuwar masara, ƙwallon mangwaro, ƙwallon goriba, leda, dafaffen ƙashin kaza. Maganin ɓera da na ƙwari su koma sama. Goro, cakulan, albasa da tafarnuwa duka suna cutar da kare, saboda haka miyar gida da kilishi mai yaji ba nasa ba ne.

Mataki na shida: kalmomi kaɗan, kowa da irinsu

Ba shi suna gajere mai saurin faɗa, kowa a gidan ya yi amfani da kalmomi iri ɗaya: zo, zauna, tsaya, bari, saki, kawo. Dafa hanta ba gishiri, ka yayyanka kamar ƙwayar wake, ita ce ladan aiki. Darasi kada ya wuce minti 3 zuwa 5, sau biyu ko uku a rana, kafin cin abinci. Sirrin yana wurin lokaci: "Yauwa!" ta fito a daidai lokacin da ya yi abin, hantar ta biyo baya nan take. In ka jinkirta, ladan ya tafi kan wani abin dabam da ya yi bayan nan.

Zama shi ne mafi sauƙi. Riƙe hantar a hancinsa, ka ɗaga a hankali zuwa bayan kansa, gindinsa zai sauka da kansa. Daga nan zama ya zame masa mabuɗin komai: kafin kasko, kafin a buɗe ƙofa, kafin a shafa shi. Mai tsalle kan baƙi da wannan ake gyara shi.

"Bari" ita ce za ta raba ka da rigimar maƙwabta. Dunƙule hanta a hannu, ya lasa, ya tona, kai dai shiru. Da ya janye hanci ko na ƙiftawar ido ne, ka ce "Yauwa!", ka ba shi wata daga ɗaya hannun. Idan ya gane sai ka haɗa da kalmar, ka koma ajiye abin a ƙasa, daga baya ka kai shi nesa da kaji yana ɗaure da doguwar igiya. Ya kalli kaza ya waiwayo gare ka, lada. Karen da aka yi don tsuntsu ne, in ka bari ya ɗanɗana korar zabin maƙwabci sau ɗaya, gyaran zai ɗauke ka watanni.

"Zo" kuwa kada ka taɓa ɓata ta. Ko me ya yi, in ka kira ya zo, alheri zai tarar. Wanda ya kira kare ya doke shi ya koya masa kada ya sake zuwa.

Mataki na bakwai: koya masa ɗauko

Naɗe guntun buhu mai kauri ka ɗaure shi tamau, ya zama abin aiki da ba a barin sa a ƙasa. Fara a zaure ko wani lungu mai ƙofa ɗaya, kai kana zaune a bakin ƙofar, yadda in ya ɗauko ba inda zai bi sai wurinka. Jefa kamar taku uku, ka ce "Kawo." Ya dawo da shi, kada ka yi saurin warcewa. Shafa ƙirjinsa tukuna yana riƙe da abin, ka yaba, sannan ka tallafi haɓarsa ka ce "Saki", ka musanya da hanta. Jifa biyu ko uku sun isa, ka ɓoye abin tun yana marmarinsa. In ya gudu da shi kada ka bi shi, juya ka yi nesa kana tafi, zai biyo ka.

Ga wani wuri da ake yawan kuskure. Ranar da ya shigo da hularka ko takalmin baƙo a baki, zuciya za ta ce ka yi masa tsawa. Danne ta. Durƙusa ka ce "Kawo", ka karɓa, ka ba shi lada, sannan ka gyara wurin ajiyar kayanka. Karen da ke kawo maka abin da ya tsinta, ranar da ya tsinci leda mai guba ma zai kawo maka. Wanda aka kora aka doka zai koyi ɓuya bayan rumbu ya haɗiye.

Idan ya ƙware, koya masa zama har sai ka sake shi bayan abin ya faɗi. Mai niyyar farauta sai ya ɗaura fiffiken zabo ko na fakara a jikin buhun. Ka kuma riƙa ɓoye abin a bayan turmi ko ƙarƙashin kwando ka ce ya nemo. Hancin da ya sa hukumomi irin NDLEA ke amfani da karnuka wajen gano ƙwayoyi yana nan a fuskar naka, kuma minti 10 na nema da hanci yana kwantar da shi fiye da dogon gudu.

Mataki na takwas: saba masa da gari, da zafi

Abin da kwikwiyo ya gani cikin kwanciyar hankali kafin ya kai sati 14 ko makamancin haka, da wuya ya ji tsoronsa daga baya. Matsalar ita ce lokacin bai gama allura ba. Mafita, ka ɗauke shi a hannu, kada ƙafarsa ta taɓa ƙasar titi. Tsaya da shi nesa da babbar hanyar da ta taho daga Katsina ta wuce iyaka, ya ji ƙugin tirela da hon ɗin 'yan acaɓa, ya ga garken shanu, jakai, raƙumi, amalanke, masu kaki, mai rawani, mace mai hijabi. Yana kallo kana ba shi hanta. In ya fara rawar jiki ka ƙara nisa, kada ka tilasta.

Bayan allura ta cika sai fita da igiya. Ya ja, ka tsaya, igiya ta saki, ku ci gaba. Tafiyar ta zama gajera, don gaɓoɓin babban kare ba sa gama ƙwari sai ya shekara ko fiye. Sa shi bin babur a guje zalunci ne. Kowa a Jibiya ya san halin rashin tsaro da dajin yankin yake ciki a shekarun nan, saboda haka filin ƙwallo ko filin makaranta a cikin gari bayan sallar asuba ya wadatar, babu karen da ya kai a sa rai a haɗari dominsa.

Zafi shi ne abokin gabar wannan irin. Gashinsa hawa biyu ne, an yi shi don ruwan ƙanƙara, ga shi a inda bazara ke haura digiri 40, kuma kare da haki yake fitar da zafi. Daga hantsi zuwa la'asar sakaliya babu wasan gudu. Ɗora bayan hannunka a kwalta ko yashi, in ba ka iya jurewa ba shi ma tafinsa ba zai jure ba. In ka ga haki ya yi tsanani, harshe ya yi ja sosai, yana tangaɗi, kai shi inuwa ka kwarara masa ruwa mai sanyi, ka nemi likita. Bayan kowace fita ka duba tsakanin yatsunsa da bayan kunne saboda ƙarangiya, tsidau da kaska. Iyo yana yi masa daɗi, in ka samu gefen ruwa mai tsabta marar zurfi ka bar shi ya shiga da kansa, kada ka jefa shi, ka kuma tsane masa cikin kunne bayan ya fito. Kududdufin damina da ke tara dattin gari ba wurin wankansa ba ne.

Mataki na tara: ciki da shekarun balaga

Ciyar da shi sau uku ko huɗu a rana yana ƙarami, sau biyu bayan wata 6. Tuwo zalla ba ya gina babban kare, sai an haɗa da nama, kifi marar ƙaya ko ƙwai, kuma likita ya fi kowa iya tsara maka awo. Kada idonsa na roƙo ya yaudare ka. Binciken da aka yi a Jami'ar Kambirij a 2016 ya gano cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Labrador suna da wani sauyi a ƙwayar halitta da ke sa su yawan jin yunwa. Ka riƙa shafa haƙarƙarinsa, in ba ka jin ƙasusuwan da sauƙi ka rage. Hantar horo ma a cire ta daga abincin ranar.

Wajen wata 7 zuwa shekara ɗaya da rabi zai yi kamar ya manta komai. Ka kira ya kalle ka ya ci gaba da abin da yake yi, cizon hannun riga ma ya ɗan dawo. Balaga ce. Mayar da doguwar igiya, ka koma darussan farko a tsakar gida, ka ƙara aikin nema da ɗauko, kada ka sake shi a fili sai kiran ya dawo daidai. In karya ce, za ta fara neman namiji tsakanin wata 6 da shekara guda, abin ya ɗauki kusan sati 3, karnukan unguwa su cika maka ƙofar gida. Rufe ta sosai a kwanakin, ka kuma tattauna da likita tun da wuri a kan ko za a yi mata aikin hana haihuwa da lokacin da ya dace a yi shi.